Mai Laushi ko Mai Tauri

A kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Harrogate, wani dattijo ya tare gaban tebur yana jujjuya bushin biyu, robobin rage jijjiga na ƙafar bayan mota, ɗaya mai laushi ɗaya mai tauri. Wata mata tana jira a bayansa.

"Baba, zaɓi ɗaya mana, shayina ya huce. Wace mota ce?"

"Tsohuwar MG."

"Ɗauki mai taurin, motar za ta fi kama titi a kwana."

"Shi nake so tun ina saurayi, 'yata. Matata Glenys ce ta hana, wai yana jijjiga mata ƙugu."

"Ka sa a ɓoye mana."

"Ai na sa, bayan rasuwarta."

"Ayya, sannu. To yanzu wa zai hana ka?"

"Ita. Tokar gawarta tana cikin tulu a kujerar gefe, har bel nake ɗaura mata. Ko ɗan rami muka faɗa, sai murfin ya yi ta ƙwas-ƙwas har gida."

"Manne shi da gam!"

Dattijon ya miƙa wa mai kaya mai laushin.

"In toshe wa Glenys baki? Ba ki san ta ba. Ba ta shiru sai an yi yadda ta ce."