Dutsen da Ya Girmi Lado

A tashar Makarfi, motar Ikara ta ƙi cika. Wani dattijo ya rungume ƙunshin tsumma a cinya, matar da ke gefensa ta kasa yin shiru.

"Baba, sannu da hanya. Riƙon da ka yi wa ƙunshin nan, ko jariri albarka."

"Ke dai bari, 'yar nan. Dutse ne. Daga sama ya faɗo mini cikin rake, da ƙara kamar aradu. Jifa ne aka yi mini. Wajen mai magani za ni, a mayar wa mai shi."

"Mu gani. Kai, baƙi wuluk, ga nauyi! Baba, ni kimiyya nake koyarwa a sakandare. In dai daga sama ya faɗo, babu hannun mutum. Da Ubangiji ya yi rana, ƙura da tsakuwa ne suka yi ta zagaya ta suna dunƙulewa, har aka sami duniyarmu da sauran duniyoyi. Wannan ragowa ce."

"Kamar ƙasar da ke saura in an gama gini?"

"Yauwa. Ya girmi Annabi Adamu ma."

"Ya girmi Lado ke nan."

"Wane Lado?"

"Ƙanena. Tun farkon damina muke sa-in-sa kan iyakar gona, shi na zarga da jifan. Gaisuwarsa ma na daina amsawa." Ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Direba, buɗe mini ƙofa."

"Baba, Ikaran fa?"

"Na fasa. Matarsa ta haihu, gobe suna, kuma ni ne babban wa."