Su Huɗu a Benci

"Wa ya tambaye ka, Malam?" in ji Wasila mai waina. Su huɗu ne a bencin wani asibiti a Ridina, kowa na jiran aikin ido.

"Ke kika ce kashi ashirin da biyar cikin ɗari ba sa dacewa a wannan aikin," in ji tsohon malamin lakwal ɗin, wato makarantar boko, da ke zaune kusa da ita.

"Cikin ɗari! Ina ni ina ɗari?"

"Sifili birgil, wato ɗigo, ashirin da biyar, Hajiya. Rubu'i ke nan, ɗaya cikin huɗu."

Wasila ta ƙirga bencin da lafiyayyen idonta.

"Allah ya isa! Na shigo cikin ɗari, ka mayar da ni cikin huɗu. Na fasa!"

Ta fice, ta bugo ƙofa garam.

Malam ya gyara zama. "To, ɗayar ta tafi. Mu ukun nan, alhamdulillahi."