Furen Lalle a Tsakiyar Damina

A rumfar wani mai shago a unguwar New Bell na fake wa ruwa, tare da wata dattijuwa da wani magini riƙe da reshen lalle.

"Malam, furen lalle ne wannan? A watan Agusta?"

"Shi ne, Hajiya. Ni ma na yi mamaki. A gidan da za mu rushe gobe na karyo shi, bayan masallaci."

"Mai shuɗiyar ƙofa?"

"Kin san shi?"

"A can aka haife ni. Innarmu ce ta dasa shi, daga Garwa ta zo da reshen. Da rani yake fure, ta tsinko ta zuba mana cikin akwatin kaya. Har a lakwal, makarantar boko, ana gane mu da ƙamshin. Bai taɓa yi da damina ba."

"To bana ya yi, har rassan sun sunkuya. Ai masu gidan ba su kyauta ba da suka sayar. Patron, maigidanmu da ya saya, bene zai gina, ba zai bar ko saiwa ba."

Ta miƙa hannu ta shafa furen.

"Ni na fara sa hannu a takardar. Ƙannena ma ni na lallashe su."

"Yi haƙuri, Hajiya, ban sani ba. Ki zo da safe in yanko miki reshen dasawa."

"Unguwar Ndogpassi nake yanzu, a saman bene. Babu ƙasa."

"Bokiti ma ya isa."

"To, zan zo. Amma kada ku taɓa bangon sai na tafi."