Wayar Kwayil

A shekara ta biyu ta fari, ba ruwan sama, a tashar Isa, wata a-kori-kura ɗauke da turmi da tabarmi da iyali ta ƙi tashi. Yari makaniki, wanda ke jiran motar Sakkwato, ya matso wurin mai ita, wani dattijo da bai sani ba.

"Sannu, Baba. Mi ya same ta?"

"Tun safe sai kuka take, ba ta kamawa."

"Murza makulli in ji. To, batir na da ƙarfi, sitata na juyawa. Akwai mai?"

"Cike take."

"Ke nan wuta ce ba ta kai wa filogi." Yari ya leƙa cikin inji. "Baba, wayar kwayil mai kai wutar ba faɗuwa ta yi ba. Zare ta aka yi."

"Hanyar Tsamaye akwai gargada."

"Gargada ba ta naɗe waya ta ɓoye ta bayan batir."

Dattijon ya dubi matarsa da jikokinsa a bayan mota, ya rage murya.

"Ni na zare ta. Jiya na ga gajimare gabas, na ce bari in ba shi wuni guda. Ɗana, gonar da na baro, ubana ya share ta. In na wuce Isa, ban san mai maido ni ba."

"Mu ma haka muka jira ruwa bara a Alkalawa. Muna jiran muka rufe ɗiyata."

Dattijon ya ɗaga kai. Sama fes, ko tsuntsu babu.

"Mayar da ita."

Yari ya mayar. Bugu ɗaya mota ta kama, amma ba wanda ya yi murna.