Yadda Ubangiji Ya Tashe Ni Daga Cikin Dusar Ƙanƙara

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai rai har abada. Sunana Rifkatu. Da yawanku kun san ni a nan zumuntar mata, amma kaɗan ne suka san halin da na shiga bayan rasuwar maigidana, Bulus.

Na daina jin ɗanɗanon abinci. Nakan zauna a bakin gado da zani a hannu, in rasa abin da na ɗauko shi in yi. Ina zuwa sujada, ina amsa gaisuwa, amma cikina babu kowa. Ban taɓa gaya wa mutum ba, amma a raina na gaji da zama a duniya.

Ina da wa, Yaya Dauda, uwarmu ɗaya. Shi Musulmi ne, likita ne a Madina, can yake da iyalinsa a unguwar Harra ta Yamma. Addini bai taɓa raba mu ba. Wata rana ya kira ni a waya, ya saurari muryata, sai ya ce, "Rifkatu, yara sun sami hutu. Za mu haɗu a duwatsun ƙasar Jojiya, da ni da ke da Inna. Ba shawara nake nema ba, shirya kayanki."

Na je ne kawai don kada in ɓata masa rai.

Jama'a, ban taɓa ganin fari irin wannan ba! Dutse fari, itatuwa fari, rufin gidaje fari, ga shiru kamar an rufe duniya da bargo. Inna ta naɗe cikin mayafi har uku tana cewa ita dai a bar ta kusa da wuta. Matar Yaya, Anti Maryam, ta zo da dabinon Madina da garin tuwo a jaka, ta tuƙa mana tuwo da miyar kuka a ƙasar da ba su san kuka ba. 'Ya'yansu ina yi musu Hausa, suna amsa mini da Larabci. Kowa na dariya. Ni ina kallonsu kamar ta bayan gilashi.

Da safe suka ce sai na gwada zamiya a kan ƙanƙara. Aka ɗaura mini dogayen katakai a ƙafa, aka ba ni sanduna biyu. "Yalla, Gwaggo, yalla!" in ji yaran da Larabcinsu, wato mu je. Na bi su a hankali, ina faɗuwa ina tashi.

Ana cikin haka gajimare ya sauko ya rufe dutsen. Na daina ganin jar rigar Yaya a gabana. Ƙafata ta kauce, na zame gefe, na gangara cikin wani kwari tsakanin itatuwa, na faɗi rigingine.

Ban ji ciwo ba. Dusar tana sauka a fuskata a hankali, kamar audugar rimi. Sanyin ma ya daina damuna. Wani barci mai daɗi ya fara jana, na ga kamar Bulus yana tsaye can nesa da farar rigarsa ta Lahadi. Na ce a raina, to, in na rufe ido a nan, shi ke nan, na huta.

Sai bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Yesu, ni ba ni da ƙarfin son rai. In kana so in rayu, ka so mini."

Iyakar addu'ar ke nan. Amma wani ɗumi ya taso daga ƙirjina ya bi hannuwana. Na fashe da kuka, kukan da ban yi ba ko a bakin kabari. Na tuna Inna tana zaune kusa da wuta tana jiran 'yarta. A karon farko tun rasuwar Bulus, na ji tsoron mutuwa. Haleluya! Tsoron nan kyauta ce daga wurin Allah.

Can sama na ji murya: "Rifkatu! Rifkatu!"

Na tattara duk abin da ya rage mini, na ƙwala ihu: "Yaya, ga ni nan!"

Ya gangaro tare da ma'aikatan wurin, yana nutsewa har gwiwa. Babban likita, yana kuka kamar yaro. Ya riƙe fuskata yana cewa, "Alhamdulillahi, alhamdulillahi." Ni kuma ina cewa, "Na gode Yesu." Babu wanda ya gyara wa wani.

Ranar na gaya masa duk abin da na ɓoye. Ya ce, "Wannan ciwo ne, ƙanwata, kuma yana da magani." Da na dawo gida ya haɗa ni da likitar da nake gani har yau, Mama Fasto kuma ba ta bar ni ni kaɗai ba.

Har yanzu ina kewar Bulus. Amma da safe nakan tashi ina son ganin rana.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana nan zaune kana murmushi alhali cikinka ya mutu, kada ka jira sai ka iya doguwar addu'a. Faɗa masa gaskiya da 'yan kalmomin da kake da su, ka kuma gaya wa wani mai ƙaunarka. Wanda ya ji ni a ƙasan kwarin nan zai ji ka a inda kake. Godiya da ɗaukaka su tabbata ga sunansa. Amin.