Sixten Rönnvall da Tafkunan da Mota Ba Ta Zuwa

Shugabar jami'a, shugaban tsangayar kimiyya, shugabannin sassa, da faston wannan majami'a da ya ara mana zaurensa. Majvor matar marigayi, 'ya'yansa Ylva da Hampus, da jikokin gidan. Abokan aiki, ɗalibai, da mutanen ƙungiyar masunta da suka yi doguwar tafiya daga arewa a cikin wannan ƙanƙara: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Na jero ku bisa muƙami, kuma na san da Sixten yana nan da tuni ya katse ni ya ce, "Gunnel, kofi yana hucewa." Ga wanda bai san ni ba, ni ce Gunnel Åhlström, shugabar sashen nazarin ruwa da halittun cikinsa. Bango ɗaya ne tsakanin ofishina da nasa tun muna da baƙin gashi, kuma bangon bai taɓa hana ni jin muryarsa ba.

Zan yi maganarsa, amma akwai wata da dole ta shigo ciki. Can baya kusa da ƙofa Tuva Bergmark ce zaune, ɗalibarsa ta ƙarshe. Kwangilar karatunta tana ƙarewa da ƙarshen shekarar nan. Idan ba ta kare kundin digirinta na uku kafin lokacin ba, za ta bar jami'a hannu rabbana. Da yawanku kun san wannan, kuna ta kauce masa tun safe. Ni ba zan kauce ba, don shi ba zai kauce ba.

Ya kasance mutum mai karatu, a zamanin da muka koma masu ƙirga. Mun taɓa zama kwamitin ɗaukar sabon malami, aka jera mana masu nema bisa yawan maƙalunsu da yawan ambaton da aka yi musu. Kowa ya gyaɗa kai ga na sama. Sixten ya ajiye burodinsa na kirfa ya ce, "Madalla, maƙala saba'in. Wa ya karanta ɗaya a cikinku?" Ya ƙara da cewa, "To ni na karanta biyar. Maƙala ɗaya ce, riga kawai yake canza mata." Wadda muka ɗauka a ƙarshe maƙalunta ba su cika tafin hannu ba, kuma yau ita ke jagorantar ɗakin gwajinmu.

Ya kasance editan ƙaramar mujallar ƙungiyarmu, wadda kowa ke iya karantawa kyauta, har masuntan da ke zaune a nan. Wani babban kamfanin ɗab'i ya zo zawarcinta, wakilinsu ya yi ta zuba mana daɗin baki. Sixten ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Bari in ga ko na gane. Mu yi binciken, mu rubuta, mu duba na juna, duk kyauta, sannan ku sayar wa laburarenmu. Ɗan'uwa, kai ka ƙirƙiro wannan sana'ar ko gadonta ka yi?" Mujallar tana hannunmu har yau.

Ya kasance mai suna, kuma mun ci albarkacin sunan. Lokacin da hayaƙin masana'antu ya tsamama ruwan tafkunanmu kifi ya ƙare, shi ne saurayin da ya bi tafki tafki yana awo, ya rubuta cewa in an ƙyale tafki, da kansa yake warkewa kifin ya dawo. Wannan maƙalar ce ta ba shi kujerar farfesa. Ita muke sa wa a shafin farko duk lokacin da gwamnati ta turo masu auna darajar sassa.

Sai ga Tuva. Ya ce ta sake awon, don a ga yadda tafkunan suke yanzu. Ita kuwa 'yar arewa ce, tafiyar daji ba ta dame ta ba. Ta saɓa kwale-kwalen roba a baya, ta bi sauro da fadama ta kai tafkunan da ko hanyar keke babu. A can ta tarar ruwa yana nan da tsaminsa, ba kifi. Ta koma kan taswirar Sixten ta ga abin da ba wanda ya lura da shi: tafkunansa duka a bakin hanya suke, saboda kwale-kwalen sashenmu na wancan zamani na katako ne mai nauyi, sai inda mota ta kai shi. Tsakuwar da ake zuba wa hanyoyin nan kuma tana da farar ƙasa, ruwan sama yana wanke ta cikin tafki ta kashe tsamin. Ashe ba tafki ke warkar da kansa ba, hanya ce ke ba shi magani.

Ta daɗe tana ɓoye abin a cikinta. Ranar da ta faɗa masa muna ɗakin shan kofi. Ya dubi taswirar, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Fuskarsa ta yi fari, ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi masa ciwo. Can ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun bazara."

Ya ce, "Tun bazara, kika bar ni ina ta yawon taro ina faɗa wa mutane shirme? Ke ba ki da tausayin tsoho?"

Ta fashe da kuka, shi kuma ya tura mata farantin burodi ya ce, "Ci. Gobe za mu fara rubutawa, sunanki a gaba."

Manyan mujallu suka ƙi karɓa. Ɗaya ta ce ba a gano sabon abu ba, tsohon abu kawai aka rusa. Mujallarmu kuwa ya hana a kai mata, ya ce ba zai zama alƙali a shari'ar kansa ba. Sai ya rubuta wa mujallar da ta buga tsohuwar maƙalarsa ya ce su janye ta. Editan ya kira shi yana ba shi baki, wai a bar abin da ya wuce. Ta bango na ji amsar: "Akwai ƙananan hukumomin da suka daina zuba wa tafkunansu farar ƙasa saboda maganata. Bai wuce ba."

Saura kafa kundi. A wajenmu ba mai kare kundinsa sai ya fara kafa shi da ƙusa a jikin katakon zauren laburare, a bar shi makonni a rataye, duk mai so ya karanta ya nemo kuskure. Yawancinmu mun mayar da ranar ta cin kek da ɗaukar hoto. Shi kam da gaske yake zuwa, ya tsaya a gaban katakon da fensir yana karanta kundin ɗaliban wasu sassa.

Amma masu auna darajar sassa za su zo mana bayan sabuwar shekara, kuma daga rahotonsu ake raba kujerun ɗalibai da kayan aiki. Aka fara cewa a dakata. Ba a ce kada a kafa ba, an ce dai a bari baƙin su zo su tafi. Shugaban tsangaya, ba na zarginka da mugunta, na san kujerun mutane kake karewa. Sai dai kafin baƙin su tafi kwangilar Tuva ta ƙare, kuma malamin da zai tsaya mata ya kwanta asibiti.

Majvor, ke kika kira ni na je. Ya rame har zoben aurenku ya koma ɗan yatsan tsakiya. Na fara yi masa sannu, ya ɗaga hannu ya ce, "Bar sannu, likitoci sun ishe ni da ita. An ba yarinyar nan rana?" Na ce ana kan magana. Ya ce, "Gunnel, in za a ba mu daraja saboda maƙalar da muka san ba daidai ba ce, ba daraja muka samu ba, sata muka yi." Wannan ce maganar aiki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Majvor, kin haɗa miji da tafkuna da ɗalibai tsawon aurenku, ba mu taɓa jin kin yi ƙorafi ba sai kan takalman da yake shiga da su ɗakin girki. Mun gode miki. Ylva, Hampus, nan gaba za ku buɗe sunan babanku a ma'ajiyar maƙaloli ku ga an rubuta "an janye" a kan aikinsa mafi shahara. Kada ku sunkuyar da kai. Da hannunsa ya nemi a rubuta, kuma a duk abin da ya bari ba abin da muke alfahari da shi kamar wannan.

Izinin kafa kundi sa hannun shugaban sashe yake buƙata, ba na kowa ba. Na sa hannu yau da safe kafin in fito. Tuva, ranar Juma'a za ki kafa kundinki, bayan cin abincin rana. Shugabar jami'a, shugaban tsangaya, ina gayyatarku. Wataƙila darajarmu ta faɗi a rahoton baƙi, kuma in ta faɗi ni zan amsa. Majvor ta ce za ta zo ta tsaya a inda malamin ɗaliba ke tsayawa.

Na gode wa matan majami'a da suka dafa mana kofi, na gode muku da kuka saurare ni har ya huce.

Allah ya jiƙan Sixten, ya ba shi hutawa. Allah ya sanyaya zuciyar Majvor da 'ya'yanta da jikokinta. Mu kuma da muka rage a wannan sana'a, Allah ya ba mu ɗaliban da za su kama kuskurenmu tun muna da rai, ya ba mu zuciyar sa sunansu a gaban namu. Amin.