Mashin ɗin da Magaji Ya Hana Tsatsa Ta Ci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Dagaci, Mai Unguwa, Allah gafarta Malam Liman, wakilan sashen lafiya na Tarauni inda marigayi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, Hajiya Ramatu mai ɗakinsa, 'ya'yansa Firdausi da Saifullahi, jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi maza da mata, sannunmu da haƙuri.

Ni ne Lawan, katanga ɗaya ce tsakanina da Alhaji Magaji. An ce in yi magana a madadin unguwa, amma akwai tambayar da ke wuyana. Saifullahi ya iso daga Fatakwal mun riga mun dawo daga maƙabarta. Ya riƙe hannuna ya ce, "Baba Lawan, don Allah, Babana ya yafe min?" Yau da izininsa zan amsa a gabanku.

Magaji ya kasance ma'aikacin rigakafi, a kan mashin ya zagaye lungunan nan yana ɗiga wa yaranmu magani. Da yawa cikin masu gemun da nake gani a nan sun yi kuka a hannunsa. Ya kasance ba ya fashin jana'iza, ba ya fashin gyaran kwata. Ya kasance kuma, Allah ya jiƙansa, mai gaba da tsatsa kamar ta taɓa yi masa sata. Hadari na fara haɗuwa za ka gan shi a ƙofar masallaci da tsumma da gwangwanin maganin tsatsa na feshi, yana leƙa ƙarƙashin mashinan mutane. "Wanke shi, bar shi ya bushe, sannan ka fesa. Noti-noti, ƙasan tanki, wayoyin ƙafa. Ban da birki, ban da taya, kada ka kashe kanka ka ce ni ne." In ka ce ai ka shafa baƙin mai, sai ya ce, "Madalla, ka gayyato ƙasa ta zo ta zauna."

To, kun san halinmu na Kanawa. In mun sayi sabon mashin ba ma cire masa leda, don kowa ya san sabo ne. Saifullahi ya yi guminsa ya sayi nasa, ya bar shi a naɗe kamar lefe. Magaji ya ce ruwa na shiga ƙarƙashin ledar ya kwanta, ta nan tsatsa ke farawa ba a gani. Yaro bai ji ba. Wata safiya ya fito ya tarar uban ya yage ledar kaf, abokansa na tsaye suna dariya. Aka faɗi maganganu, daga ɓangarorin biyu, waɗanda ba zan maimaita ba. Saifullahi ya ajiye makulli ya bar gari. A kan leda, jama'a!

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, wata ta biyo. Mashin na zaure, Magaji bai hau ba, bai sayar ba. Kowace Asabar zai turo shi waje, ya goge, ya tayar da shi ya ɗan yi ɗumi, ya fesa masa magani, ya mayar. Mukan ce, "Alhaji, kira yaron nan mana." Ya ce, "Shi ba shi da waya ne?" Mu yi dariya mu wuce, duk muna ganin akwai lokaci. Wannan dariyar ce yau take ƙona mana zuciya.

Saifullahi, ɗago ka dube ni. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ban taɓa jin "na yafe" daga bakinsa ba. Ubanka bai iya irin wannan maganar ba, kai ma ka gado shi. Ga dai abin da na gani. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, yatsansa ya kasa danna kan gwangwanin. Ya aika aka kira ni, yana zaune a kujera yana nuna min, ni ina fesawa, yana faɗan na yi yawa. Na ce, "Magaji, wai wa muke yi wa wahalar nan?" Ya dubi mashin ɗin. Sannan ya ce, "Lawan, ni na cire masa ledar. In ya zo ya ga tsatsa ko ɗigo, da wane ido zan kalle shi?"

Ka ji. Kai kana can kana tsoron haɗa ido da shi, shi yana nan yana tsoron haɗa ido da kai.

Hajiya Ramatu, Firdausi, Allah ya ba ku dangana. Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Magaji, ya haskaka kabarinsa, ya yafe wa uba da ɗa baki ɗaya. Wanda kuma nasa uban ke raye suna 'yar tsama, Allah ya ba shi ikon sallama a ƙofar gida tun mai amsawa yana ciki. Amin.